Daga Sarkin Samari Zuwa CASO: Tarihin Ƙungiyoyin da Ƴaƴanmu Ke Shiga

Duk shekara idan sakamakon bak ya fito, akwai gidaje a Magariya da Bande da Dungas da Dogo-Dogo da ke fara haɗa wa yaro ko yarinya kaya. Wasu Damagaram za su, Jami'ar André Salifou. Wasu Yamai, wasu Maraɗi. Wasu kuma su bi ta Tinkim su tsallaka Ɓaɓura, su nufi makarantun Jigawa da Kano. Nasihar ban kwana kusan iri ɗaya ce a kowane gida: karatu ya kai ka, ban da shiga ƙungiya.

Nasiha ce ta ƙauna, amma da wuya a samu yaron da zai iya bin ta. Ɗan shekara 19 ne ya sauka a garin da bai san kowa ba, ɗaki bai samu ba, kuɗin tallafin karatu bai fito ba, bai ma san ofishin da ake rajista ba. Wanda ya tarbe shi a tasha, ya ba shi gefen katifa, ya nuna masa layin abinci, galibi wata ƙungiya ce ta turo shi. Kafin mako ya zagayo yaron ya riga ya zama na wasu, ko bai cike takarda ba.

Kuma ba yau aka fara ba. Matasan wannan ƙasa ba su taɓa zama babu ƙungiya ba. Abin da ya yi ta sauyawa cikin shekaru ɗari da suka wuce shi ne wanda shugaban ƙungiyar yake jin kunyarsa, da wanda yake karɓar umarni daga gare shi.

Mu fara daga gida. Tun kafin lakwal ta zo, kowane gari mai ɗan girma a ƙasar Hausa yana da samariyarsa. Samari su zaɓi sarkinsu, mai gari ya amince da shi, shi kuma ya naɗa nasa galadima da waziri da alƙali, kamar dai yadda suke gani a fada. Ƴan mata su ma da tasu shugaba, a wurare da yawa magajiya ake ce mata. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta aka buga shi a 1954, ta yi bayanin irin wannan tsari tun zamanin ƙuruciyarta, wato kafin zuwan Turawa. Aikin samariya a fili yake. Idan gonar wani dattijo ta fi ƙarfinsa, ko saurayi zai kai gayya gonar surukinsa, sarkin samari ne ke sa makaɗi ya zagaya. Su ne gyaran rijiya da masallaci da hanyar maƙabarta, su ne tarbar baƙin ƴan kokawa, su ne shirya wasannin kaka idan amfanin gona ya shiga rumbu. Wanda ya ƙi fita aiki a ci shi tarar goro. A Damagaram wannan kwaikwayon sarauta ya girma har ya zama wasan kara, inda talakawa ke shigar sarakuna da manyan gwamnati ana dariya, wanda Inoussa Ousseini ya ɗauka a fim.

Kada a ɗauka aljanna ce. Samarin gari biyu kan fasa wa juna kai saboda budurwa, kuma malamai sun daɗe suna wa'azi a kan tsarance da kiɗan dare. Sai dai a samariya ba a rantsar da kowa a ɓoye, kuma ba wanda ake duka kafin a karɓe shi. Shekarunka ne suka shigar da kai. Uban sarkin samari sananne ne, idan ɗansa ya wuce gona da iri an san zauren da za a kai ƙara. Sannan ga abin da ba a cika lura da shi ba: samariya tana da ƙofar fita. Ranar da aka ɗaura maka aure ka fara zama cikin magidanta, ka bar wa ƙannenka dandali. Ba wanda ke tsufa a ciki.

Sai gwamnati ta gano amfaninta. Da Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, ya rushe jam'iyya da majalisa, ya rasa hannun da zai kai ga ƙauyuka ban da sarakuna. Samariya ce ya ɗauko, ya mai da ita tsarin ƙasa baki ɗaya, daga unguwa zuwa gunduma zuwa jiha, har a yankunan da ba su san sunan ba a da. Ita da ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma su ne ginshiƙai biyu na tsarin raya ƙasa da ya shimfiɗa. Gaskiya an yi aiki. An gina azuzuwa da tubalin da samari suka buga, an dasa itatuwa, an share garuruwa, an yi bukukuwan matasa na ƙasa da suka fito da mawaƙa da ƴan wasan kwaikwayo. Yawancin iyayen da suka haura shekara 55 suna tuna lokacin da kewa, kuma ba na ganin laifinsu.

Amma wani abu ya juye. A da samari ke zaɓen sarki, gari yana kallo. Yanzu umarni daga Yamai yake saukowa, ya bi ta kan gwamnan soja da mai mulkin gunduma. A garuruwa da yawa sarkin samari ya zama dattijo mai furfura, ɗan kasuwa ko na kusa da fada. Aikin gayya ya haɗu da jeren gwano a rana ana jiran baƙon gwamnati, kuma an sha zargin cewa wasu cikinsu kunnuwan hukuma ne. Da Ali Saibu ya kafa MNSD a 1989, samariya ta narke cikin jam'iyya. Bayan babban taron ƙasa na 1991 sai ta zama kayan tsohon mulki, kowace sabuwar jam'iyya ta kafa nata reshen matasa. Gine-ginen da sunan suka rage.

A daidai lokacin da ake wannan, ƴan makarantar boko suna da tasu. An kafa USN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ɗaliban Nijar, a 1960, shekarar samun ƴancin kai. Ita ba a cika neman izinin yaro ko na ubansa kafin ya zama nata ba. Tun daga kwaleji, ranar da aka busa usur aka ce a fita, ya shiga. Duk malamin da ya taɓa tsayawa da alli a hannu yana kallon aji na watsewa ya san abin da nake nufi, kuma na san da yawanmu ba ma son jin sunanta. Amma adalci ya sa a faɗi abin da ta yi. A shekarun da jam'iyya ɗaya ko soja ke mulki, bakin ɗalibai na cikin ƴan ƙalilan da ba a iya rufewa ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito daga jami'ar Yamai suna adawa da tsuke kuɗin ilimi da aka shirya da Bankin Duniya, jami'an tsaro suka buɗe musu wuta a Gadar Kennedy, uku suka mutu. Kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta amince da jam'iyyu barkatai. A babban taron da aka buɗe ranar 29 ga Yuli 1991, USN ta zauna da cikakkiyar murya tare da ƙungiyar ƙwadago da jam'iyyu. Wanda ya shugabanci taron shi ne André Salifou, haifaffen Damagaram, wanda jami'ar da ƴaƴanmu ke zuwa yau take ɗauke da sunansa.

Daga cikin wannan ƙungiya mai tarihi ne CASO ta fito, kuma ita ce ta fi kusa da abin da iyaye ke tsoro. A takarda, kwamitin walwala da kiyaye oda ne na ƙungiyar ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni. Inda ɗalibai dubbai ke rububin ƴan ɗakuna da ƴan motocin bas da gidan abinci ɗaya, dole a samu mai tsara layi, kuma hukuma ta daɗe da sakar wa ɗalibai wannan aiki. To mai tsara layi shi ke da ikon cewa wane ya wuce, wane ya koma baya. Daga nan aka kai ga kama ɓarawo, daga kama ɓarawo aka kai ga hukunta shi, daga nan kuma aka kai ga hukunta wanda ya ƙi yajin karatu ko ya ɗaga wa shugabanni murya. Ga sabon ɗalibi daga ƙauye, jarrabawar a bayyane take: ɗan kwamiti ba ya kwana da yunwa, ba ya rasa wurin kwana, kuma ana tsoronsa. A farkon 2018 aka zargi ƴan CASO da cin zarafin wani malamin jami'a. Ƙungiyar malamai ta SNECS ta shiga yajin aiki na makonni, tana neman a rushe kwamitin a kuma kori masu hannu a ciki. Aka kori wasu shugabannin ɗalibai, ɗalibai suka tayar, har hukuma ta rufe harabar jami'ar. Shekara guda kafin nan, ranar 10 ga Afrilu 2017, ɗalibi Mallah Bagale ya rasa ransa a zanga-zangar neman haƙƙin ɗalibai a Yamai. Ƙungiya ɗaya ce ke binne shahidanta take kuma riƙe da kulki, shi ya sa hukunci a kanta ba ya zuwa da sauƙi.

Masu tura yara Najeriya kuma wata kalma ce ke hana su barci: ƴan ƙungiyar asiri. Tushen wannan yana da nisa, ya kamata a san shi. A jami'o'in Amurka akwai ƙungiyoyin ƴan'uwantaka na maza da na mata, masu sunayen haruffan Girka. Ta farko, Phi Beta Kappa, a 1776 aka kafa ta a Kwalejin William da Mary, ta muhawara ce da adabi. Baƙaƙen fata da aka hana shiga na farare suka kafa nasu: Alpha Phi Alpha ta maza a 1906, wadda Martin Luther King ya shiga, da Alpha Kappa Alpha ta mata a 1908, wadda Kamala Harris take ciki. Mutum kan samu masauki da abokan tafiya da hanyar aiki har tsufansa. Amma ƙofar shiga ta zama wurin azaba. A Fabrairun 2017 wani ɗalibi ɗan shekara 19, Timothy Piazza, ya mutu a Jami'ar Penn State bayan an ɗura masa giya a daren karɓarsa, ya faɗo daga bene, waɗanda yake neman zama ɗan'uwansu suka bar shi kusan awa 12 ba su kira likita ba. Faransa ma, wadda muka gaji tsarin karatunta, sai da ta yi doka a 1998 ta haramta wulaƙanta sababbin ɗalibai da sunan maraba.

Irin wannan ƙungiya ce Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a kwalejin jami'a ta Ibadan a 1952, suka kira ta Pyrates. Manufarsu mai kyau ce: yaƙi da ƙabilanci, da yi wa ƴaƴan masu hali da ke kwaikwayon Turawa ba'a. Ba a ɗaukar dakiki. Sai aka fara ɓallewa. Eiye ta fito a Ibadan, Buccaneers ta ɓalle a 1972, Black Axe ta tashi a Jami'ar Benin a 1977, Vikings a Fatakwal, daga baya har na mata irin su Black Bra. Pyrates ta janye daga harabar jami'o'i a 1984, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A shekarun mulkin soja an sha zargin hukumomi da shugabannin jami'o'i da amfani da waɗannan ƙungiyoyi don karya ƙungiyar ɗalibai, daga baya ƴan siyasa suka gaje su don zaɓe. Ranar 10 ga Yuli 1999, da asuba, ƴan bindiga suka shiga ɗakunan kwanan Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife suka kashe ɗalibai biyar, cikinsu har da sakataren ƙungiyar ɗalibai, George Iwilade. Ba a san jami'o'in Kano da Katsina da wannan masifa kamar na kudu ba, amma yaron da ya tafi karatu ba ya zaɓen wanda zai zama abokin ɗakinsa. A waɗannan ƙungiyoyi shiga da duka ne da rantsuwar jini, fita kuma tana iya zama da rai.

A nan kusa da mu, abin da ya cike gurbin samariya bai jira jami'a ba. Cikin shekarun 1990, lokacin da albashi ke makalewa, aka yi ta shekarun karatu marasa jarrabawa, aikin gwamnati ya rufe ƙofa, sai fada ta bazu. Masu bincike da dama, ciki har da Adeline Masquelier da ta rubuta littafi a kanta a 2019, sun danganta farkonta da birnin Damagaram. Kowa ya san siffarta: benci, buta a kan gawayi, rediyo, suna a rubuce jikin bango, wani lokaci da shugaba da ma'aji da ɗan asusu na biki ko rashin lafiya. Sunan ma abin lura ne. Kakanninsu sun kwaikwayi fada da galadima da waziri, su kuma suka ɗauki sunan kacokan. Yawancin fada ba ta da wata illa da ta wuce kashe lokaci, wasu ma suna sharar unguwa da gadin dare, wato rabin aikin samariya ba tare da kowa ya sa su ba. Ba na cikin masu ganin duk matashin da ke dafa shayi ɗan iska ne. Matsalarta ita ce ƙofar fita ta toshe. Aure ke fitar da mutum daga dandali, to wanda ba shi da sana'a da me zai yi auren? Sai ka tarar da ɗan shekara 35 a benci ɗaya da ɗan shekara 15, kuma babban ne malamin ƙaramin.

Daga gefen fada ne pale ta tsiro a birnin Damagaram: ƙungiyoyin ƙarti masu ɗaga ƙarfe, masu sunayen ban tsoro, masu faɗa da wuƙa da adda tsakanin unguwa da unguwa. Wanda ya kalli fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya ga unguwar Kara-Kara, wadda asalinta matsugunin kutare ce da aka ware, ya ga kuma yadda sumogar fetur daga iyakar Najeriya ta zama abincin wasunsu. Wannan fetur ta ƙasarmu ya riƙa ratsawa kafin ya kai birni, don haka kada mu ce labarin wasu ne. An ambaci ƴan pale a tarzomar Janairun 2015 da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa a Damagaram, kuma kowa ya san a da, lokacin kamfe, an sha ganin masu zuwa da mota suna neman su. Kano ta riga mu ganin irin wannan: ƴan dabanta suna da tushe a ƴan farauta da ƴan tauri, rikicin NEPU da NPC na shekarun 1950 ne ya koya wa ƴan siyasa amfaninsu.

Idan aka jera su haka, abu ɗaya ke ta maimaituwa. Samariyar Kunce, CASO, ƙungiyoyin Ibadan da Benin, pale, babu wadda aka kafa da sunan ɓarna. Kowace ta fara ne da biyan wata buƙata ta gaske, masauki ko kariya ko mutunci ko abin yi. Lalacewa kan zo ne sa'ad da ƙungiyar ta ɓace wa idon gari, sannan wani babba mai buƙatar ƙarti ya same ta. Shi ya sa nake ganin hana yaro shiga ƙungiya gaba ɗaya yana iya haifar da akasin abin da ake nema. Zai shiga, sai dai ba zai faɗa ba. Uban da ya tambayi ɗansa a waya wa ya sauke ka, ɗan gidan wa ne, me aka ce ka yi kafin a karɓe ka, akwai wanda ya taɓa fita lafiya, ya fi samun labari a kan wanda ya ce kul.

Ga ƴan mata lissafin ya ɗan bambanta. Kaɗan ne daga gundumomin nan biyu ke kai wa jami'a, kuma wadda ta kai da sharaɗi ta tafi: kuskure ɗaya a dawo da ita, a kuma hana ƙannenta. Su sun fi kowa buƙatar waɗanda za su jingina da su, ko ƙawayen adashi ne, ko ƙungiyar ɗalibai Musulmi irin AEMN a nan gida da MSSN a Najeriya, wadda ke nan tun 1954. Yarinyar da aka ce kada ta kula kowa, ita ce mai mota ke samu tsaye ita kaɗai a bakin titi.

Akwai kuma wata iri da ba a cika maganarta ba don ba ta fitowa a labarai: ƙungiyoyin ɗalibai ƴan asalin gunduma ɗaya ko gari ɗaya, da ake samu kusan a kowace jami'a. Su ne galibi masu zuwa tasha. Su ke haɗa kuɗi idan ɗalibi ya kwanta asibiti, su ke rako gawa gida, kuma da hutun damina wasunsu kan dawo su koyar da ƙannensu a azuzuwan da suka fito. A cikin duk abin da na lissafa, su suka fi kama da tsohuwar samariya, saboda dalili ɗaya: shugabansu ɗan wane ne, ana gaisawa da ubansa a kasuwa, kuma ya san zai dawo gida da Salla. Malaman lise ne suka fi kowa sanin waɗannan yara, tunda ta hannunsu suka wuce, kuma ba wani abu mai wuya ba ne a haɗa ƴan ajin ƙarshe da su tun kafin jarrabawa, a gaban iyaye. Sai dai su ma ba su tsira ba. Buga riguna da hayar rumfa da kujeru na buƙatar kuɗi, ɗalibi kuwa ba shi da su, don haka a zamanin mulkin farar hula takardar neman gudummawa ta riƙa ƙarewa a gidan ɗan majalisa ko mai neman kujerar magajin gari, kuma a shekarar zaɓe ya riƙa aikowa a tuna masa da sunayen waɗanda suka sa hannu.